Ranar da Awon Malam Ya Hau

A layinsu Sista ake ce mata, alhali ko ƙofar makarantar koyon jinya ba ta taɓa takawa ba. Tela ce. Kayan 'yan makaranta take ɗinkawa a wani ɗan shago da ke manne da gidansu, inda kekuna biyu da teburin yanka suka cinye wurin, mai shigowa sai dai ya tsaya a bakin ƙofa. Amma in yaro ya tashi da zazzaɓi, ko aka ba wata sakamakon gwaji ta kasa gane kansa, shagon nan ake fara zuwa kafin kemis. Za ta ɗaga ƙafa daga kan keke, ta sauke tabarau kan hanci, ta duba, ta yanke hukunci. Abin haushin kuma, sau da yawa daidai take faɗa. Da tana yawan kuskure da ta koyi tambaya, da kuma abin da ya faru a ɗakin 'yan tiyata bai faru ba.

Ilimin nata ba na aro ba ne, da hawaye ta same shi. Ɗanta na biyu, wanda har yau da gemunsa Auta ake ce masa, da sikila aka haife shi. Tun yana goye ta fara zaman asibiti, ta saba da bencin jira har ta san wanda ke da ƙusa. Ta san nas mai sauƙin hannu, ta san wadda sai ta huda yaro ta sake hudawa. A can ta koyi abu ɗaya da ya zauna mata a kai daram: akwai lambar da ake faɗa bayan an ɗebi jini, in ta sauka an shiga uku, in ta hau sai a tattara kaya a koma gida. Sha takwas, a nemo mai ba da jini. Ashirin da huɗu, a yi hamdala. Dangi sun sha yi mata jaje tun yaron yana numfashi, ita ta ce zai rayu, ga shi nan kuwa yana gyaran waya a bakin kasuwa, yana yi mata musu a kan komai. To wa zai ce wa irin wannan uwa ba ta san jini ba?

Sai dai shekarun da ta ba Auta, a hannun wata ta ƙwace su. Tana da 'yar fari, yarinya lafiyayya, kuma lafiyar ce ta ja mata, don ba a waiwayar yaron da ba ya ciwo. Uban ne ya raine ta. Shi mai gyaran keken ɗinki ne, mutum mai sanyin magana, wanda ya zo gyara wa Sista keke tana budurwa, ya yi ta dawowa alhali keken lafiyarsa lau. Shi ya koyi kama gashin yarinyar, kamun da ƙawayenta suka daɗe suna yi wa dariya. Shi ke goya ta a bayan basukur zuwa makaranta, tana rungume da jakar sukundireba. Uwata yake ce mata. Gidan ya rabu biyu ba tare da an yi faɗa ba: Sista da ɗanta, Malam da 'yarsa. Yarinyar ta girma ta zama malamar makaranta a wani gari mai nisa, tafiyar yini guda a jirgin ƙasa, da miji da yara biyu ƙanana. In ta kira waya takan gaida uwarta da ladabi, sannan ta ce, "Mama, Baba na kusa?" Sista ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, amma wannan tambaya tana yi mata ciwo.

Malam bai taɓa ja da ita a kan maganar lafiya ba. Yakan ce, "Asibiti naki, keke nawa." Da haka suka tsufa.

Ita ta fara lura da ramarsa, don ita ta rage masa ƙugun wando, bayan ɗan lokaci ta sake ragewa. Sai idonsa ya yi rawaya, jiki ya kama ƙaiƙayi, abinci ya fita ransa. Ta ce shawara ce, ta tasa shi gaba sai asibiti. Aka yi hoto, aka sake wani. Ba shawarar da ta sani ba ce. Ciwon daji ne ya fito a wata tsoka da ke kwance bayan tumbi, wadda ke fitar da ruwan narkar da abinci, likitoci na ce mata fankiriyas. An ce an yi sa'a bai yaɗu ba, za a iya aiki. Amma aikin babba ne: za a yanke, a cire, sannan a haɗa abin da ya rage da hanji a ɗinke.

Babban likitan, wani dogo mai furfura a gefen kai, ya zaunar da su a ofishinsa don ya yi musu bayani. Sista ta zauna a bakin kujera da jakarta a cinya, tana gyaɗa kai tun bai kai rabin magana ba.

"Bayan aiki za mu riƙa ɗibar jininsa kowace safiya," in ji shi. "Akwai awon da muke bi."

"Likita, ba sai ka wahalar da bakinka ba," ta ce. "Ni a asibiti na yi furfura. Ɗana ɗan sikila ne."

Likitan ya yi murmushi, ya buɗe baki zai ci gaba, sai ga kukan wata mata a waje. Baƙuwa ce, riƙe da kwalbar gwaji, ta rasa inda za ta kai, kowa ta tambaya sai ya nuna mata gabas. Sista ba ta iya jin irin wannan ta zauna. Ta ce, "Ina zuwa," ta fita ta kama hannun matar, ta raka ta har tagar ɗakin gwaji, ta kuma tsaya sai da aka karɓa.

A bayanta likitan ya ƙarasa wa Malam maganar. Ya ce awon nan ba na yawan jini ba ne, na kumburi ne. In wani wuri a cikin jiki ya ɓaci, jini ne ke fara nunawa tun kafin zazzaɓi ya zo, tun kafin mutum ya ji wani abu. Ya ce na Malam ya ɗan yi sama tun yanzu, sinadarin gina jiki kuma ya yi ƙasa, masu irin wannan sun fi samun matsala bayan aiki, shi ya sa za su sa ido sosai. Ya ce dole lambar ta hau a kwanakin farko, yanka ai yanka ne. Amma in ta wuce kwana uku tana hawa ba ta juyo ba, to galibi ɗinkin ciki ne ya fara yoyo, ruwan da ke yoyon kuma ruwa ne mai cin nama.

Da Sista ta dawo ta tarar suna musabaha. A hanya ta ce, "Me ya ƙara faɗa?"

"Maganar awon jinin ce."

"Wannan na sani," ta ce, ta tsayar musu da mota.

'Yar ta iso ana gobe aiki. Hutu ta roƙa a makaranta, aka ba ta da ƙyar saboda jarrabawa ta matso, yaran kuma ta bar wa mijinta da wata maƙwabciya. Ranar aikin suka yini a kan benci su uku, da Auta. Da yamma likitan ya fito ya ce an cire abin, an ɗinke, sai a jira a ga yadda jiki zai karɓa.

Ɗakin da aka mayar da Malam mai gado shida ne, da labule shuɗi tsakanin gado da gado, da fankar sama mai ƙara kamar tana tari. Akwai roba a hancinsa, akwai ta ƙarin ruwa a hannu, wata kuma ta fito daga gefen ciki tana ɗiga a wata 'yar jaka da aka rataye a ƙarfen gado. Kafin a je ko'ina Sista ta zama shugabar masu jinya. Ita ke nuna wa sababbi inda ake samun ruwan zafi, ita ke cewa wane ya kamata a juya shi. Sau biyu wani ya ƙwala "Sista!" nas ta waiwayo, ashe ba da ita ake ba. 'Yar kuwa ba ta cika magana ba. Tana gefen uban, tana jiƙa masa leɓe da auduga, tana ba shi labarin ɗalibanta a kunne, shi kuma yana motsa gira.

Kowace safiya ana ɗibar jinin. Can da hantsi likitoci su zo zagaye, su tsaya a ƙarshen gado suna magana a tsakaninsu da sauri. Sista takan matsa kamar mai gyara bargo, ta kasa kunne. Ranar farko ta ji casa'in. Lambar ta yi mata girma, don ba irin wadda ta saba ji ba ce, amma ta ce a ranta zamani ya canza, kowane asibiti da ma'auninsa. Washegari ta ji ɗari da arba'in. Rana ta uku ɗari da casa'in, har ta ga babban likitan ya ɗaga kai ya dubi ƙaramin likitan da ke tare da shi. Ita sai ta ɗauka mamakin ƙarfin jikin tsoho yake yi. Nas tana nan kusa, taku biyu, tambaya ɗaya ta isa. Ba ta tambaya ba. A gaban matan da ke kawo mata takardunsu za ta tsaya tana cewa mene ne wannan?

A ranar ne aka kira 'yar daga makaranta, aka ce in ba ta dawo ba za a ba wani ajinta. Mijinta ma ya kira, ƙaramar yarinyar ta ƙi cin abinci, sai kiran uwa take. Ta dawo bakin gado da waya a hannu, idonta ya yi ja.

"Mama, ban san yadda zan yi ba. Raina bai ba ni in tafi ba."

"Ki tafi," in ji Sista. "Jininsa sai hawa yake. Tun da nake ban taɓa ganin hawa irin wannan ba. Yau ɗari da casa'in."

Ta faɗa da ƙarfi, har matar da ke jinyar mai gado na kusa ta ce masha Allah. Malam ya buɗe ido. Ya daɗe yana kallon fanka, sannan ya motsa hannu, suka sunkuyo.

"Hawa... kika ce?"

"Hawa, Malam. Ka kusa komawa kan kekunanka."

"Kamar ba haka likita ya ce ba." Muryar da ƙyar take fita saboda robar. "Kamar cewa ya yi... in ya hau..."

"Allurar barci ce ba ta sake ka ba," ta ce tana dariya. "Yau kuma kai za ka koya mini jini? Jiya fa cewa ka yi akwai kyanwa a ƙarƙashin gado."

Gaskiya ne, ya faɗi hakan jiya. Wataƙila shi ne bai riƙe maganar daidai ba. Matar da ta raya Auta ba za ta rasa wannan ba, shi kuwa mai gyaran keke ne. Kuma ko da shi ke da gaskiya, ya zai ƙaryata ta a gaban ɗaki guda, ya kuma tsorata yarinyar? Ya juya ido wajen 'yarsa.

"Uwata, ki ƙara kwana ɗaya mana."

"To Baba, zan..."

"Kai dai ba ka gajiya da ganinta," Sista ta katse. "Aikinta fa? Yaranta fa? Ni da na yi jinyar shekara da shekaru ni kaɗai, wannan ce za ta gagare ni? Ki tafi, in an sallame shi kya zo hutu ki same shi a gida."

A nan ya kamata a faɗi abin da ita ba za ta yarda da shi ba. Ta yi imani da lambar, wannan babu shakka. Amma kwanakin nan tana kallon yadda Malam ke neman hannun 'yarsa da zarar ya farka, ita kuma tana tsaye da kofi a hannu kamar baƙuwa. Kishi ne ya ɗan taɓa ta, irin wanda uwa ke jin kunyar ambata. Tana so ta yi jinyar mijinta ita kaɗai, a fagen da ta fi kowa.

Da sassafe 'yar ta zo sallama da jakarta. Ta tarar goshin uban da ɗumi.

"Mama, jikinsa fa da zafi."

"Na yanka ne. Kowa yana yi."

'Yar ta durƙusa ta riƙe hannunsa, ya yi mata addu'ar hanya a hankali, bai sake cewa ta zauna ba. Auta ya ɗauki jakar ya raka ta tasha. Sista ta bi su har bakin ƙofar ɗaki, tana jaddada mata ta kira in ta isa.

Bayan tafiyarsu ɗakin ya yi wani iri. Malam ya ƙi shayin da aka ce ya fara kurɓa. Numfashinsa ya zama gajere, gumi yana tsattsafo masa a wuya. Ruwan da ke ɗiga a jakar nan, wanda da yake garau, ya koma launin ruwan wanki, da wari. Nas ta zo ta auna shi, ta tafi, ta dawo ta sake aunawa. Aka ɗebi jini sau biyu maimakon ɗaya. Zagayen safe ya wuce da sauri, an ja labule, an ce masu jinya su ɗan fita. Sista ta fita tare da sauran. Tana da lambarta, ita kuma lamba ba ta taɓa yi mata ƙarya ba.

Bayan azahar ta tare ƙaramin likitan a baranda, wani matashi mai tabarau da bai cika kallon mutane ba.

"Ɗana, nawa ya kai yau?"

"Ɗari biyu da sittin, Mama."

"Alhamdu lillahi," ta ce, har da ɗaga hannu.

Likitan ya tsaya cak. Ya cire tabarau ya dube ta da kyau.

"Mama, me kika ɗauka wannan awon yake nunawa?"

"Jini mana. Yana ƙaruwa."

"A'a. Wannan ba awon yawan jini ba ne. Na kumburi ne, sauka muke so ya yi. Tun jiya muke tsoron ɗinkin ciki ya buɗe, shi ya sa muka canza magani. Ba a yi muku bayani ba kafin aiki?"

Ta tuna ofishin, da matar nan mai kwalba, da musabahar da ta tarar. Ta tuna muryar Malam yana cewa kamar ba haka likita ya ce ba, da dariyar da ta yi masa. Ta dafa bango.

"Yawan jinin nasa fa?" ta ce a hankali.

"Shi ne ya fara sauka ɗazu. Muna zaton ruwan ya ci wata jijiya. Babban likita yana hanya, za a mayar da shi tiyata yanzu." Ya leƙa ɗakin. "Ina 'yar tasa da ke zama a nan? Ya kamata ta kasance kusa."

Sista ta ciro waya don ta kira 'yar, garin sauri ta danna lambar da ba ita ba. Ta sake. Kira ya ƙi shiga, jirgin yana cikin daji. Ta koma ɗaki ta tarar an kawo gadon turawa, jakar gefen ciki ta koma ja. Nas biyu suna cire wayoyi suna maƙala wasu. Cikin matan ɗakin babu mai kallonta. Ta sake kira, ta sake. A karo na kusan goma ya shiga, da ƙarar ƙarfe a bayan muryar.

"Mama? Mun wuce rabi. Ya Baba?"

"Ki dawo."

"Me ya faru? Ba kin ce..."

"Na ce. Ban fahimta ba ne. Ki sauka a tasha ta gaba ki dawo."

Ƙarar jirgi ta cika wayar. Can Sista ta ji 'yar tana tambayar wani, muryarta tana tsinkewa. Ta dawo kan wayar tana kuka.

"An ce babu jirgin komawa sai gobe da safe. Zan sauka in nemi mota. Ko nawa ne, ko ta kaya ce, zan hau."

An fara tura gadon. Sista ta bi gefensa da waya a kunne, ta baranda mai tsawo, ta gaban ɗakin gwaji, mutane suna matsawa jikin bango. Fuskar Malam ta yi fari fat, amma idonsa biyu.

"Uwata ce?"

"Ita ce, Malam. Ka yafe mini. Kai ka faɗi daidai."

Bai kula da wannan ba. "Tana ina?"

"Ta yi nisa. Za ta biyo mota yanzu."

Ya rufe ido, ta zaci ya suma. Sun iso ƙofar tiyata, nas ta ce iyakarta nan. Sai ya buɗe ido ya kama gefen mayafinta da yatsu biyu.

"Hanyar nan ba kyau... duhu zai same ta. Tana da yara. Ki ce mata ni na ce kada ta hau mota. Ta jira jirgi."

"Malam, goben..."

"Ki faɗa mata."

Aka zare mayafin daga yatsunsa, aka tura shi ciki, ƙofar ta koma ta rufe. A wayar 'yar tana ta kira, "Mama, me ya ce? Ki ba shi in ji muryarsa. Mama!"

Sista ta zauna a ƙasa nan bakin ƙofar, ta riƙe wayar da hannu biyu.

"An shiga da shi," ta ce. "Ya ce kada ki hau mota. Ya ce ki jira jirgin gobe."